Lamba Ɗaya Ta Manaja Ce

Da baya ya shigo ofishin ranar da Sakatariya ta fara ganinsa. Yana jan wani ƙaton naɗin waya shuɗiya, jakar laftof rataye a wuya, yana gaya wa Baba Maigadi cewa shi ko ido a rufe yana iya haɗa intanet ɗin gari guda. Idon nasa a buɗe yake, sai dai ba a ƙeya yake ba, don haka bai ga bokitin Inna mai shara ba. Ya zauna a ciki daram. Ruwa ya fantsama har kan teburin Sakatariya, takardun lodi suka zube ƙasa.

Ya miƙe wando na ɗiga, ya dubi bokitin ya ce, "Kun gani ko? Rashin tsari. Abin da aka kira ni in gyara ke nan."

Inna ta ce, "To fara da wandonka, ɗan nan."

Sai ya durƙusa ya tsince takardun ɗaya bayan ɗaya, yana goge kowace da hannun rigarsa, ya jera su bisa lambar shafi, ya miƙa wa Sakatariya da hannu biyu, ya kasa kallon fuskarta. A duk satin nan wannan ne kaɗai aikin da ya yi bakinsa a rufe, shi ne kuma ya zauna mata a rai.

Injiniya yake kiran kansa, kowa ma ya bi shi a haka, wasu da gaske, wasu suna danne dariya. Kamfanin na jigilar kaya ne: manyan motoci tara, ɗakuna huɗu, da fili inda direbobi ke jiran lodi. Sabis ɗin waya a unguwar sai mutum ya hau kan mota yake samun sanda ɗaya, shi ya sa kowa ya dogara da rauta, wani baƙin akwati mai ƙahoni huɗu da ke zaune a kan kabad a bayan kujerar Sakatariya. Layin intanet biyu ke shiga cikinta, ɗaya mai gudu, ɗaya mai jan ciki, ita kuma ta raba wa jama'a. Matsalar Manaja ita ce duk lokacin da zai yi magana da abokan hulɗa ta bidiyo, sai ya tarar direbobi sun cinye layin da kallon ƙwallo.

"Ranar Alhamis ƙarfe sha ɗaya ina da taron bidiyo da wasu masu siminti da ke neman mai ɗaukar musu kaya," in ji Manaja. "In taron ya tafi lafiya, kujera taka ce. In ya tsinke, ga ƙofa can."

"Yallaɓai, ai ka riga ka gama taron. Sai dai ka zaɓi rigar da za ka sa."

A bakin Inna Sakatariya ta ji sauran labarin. In aikin nan bai yiwu ba, yayan Injiniya na jiran sa da shagon taya a wani gari mai nisan yini guda a mota. Ta ce "Allah sarki" kawai, ta ci gaba da buga wasiƙa, sai da ta kai ƙarshe ta ga ta maimaita layi ɗaya sau biyu.

Ranar Litinin ya tara kowa gaban allo.

"Duk wayar da ta shigo gidan nan, duk kwamfuta, rauta na ba ta lamba," ya ce yana zana wasu layuka masu kama da tsani. "Ni kuma zan rubuta mata doka. Lamba ɗaya, Manaja, babban titi. Biyu zuwa biyar, manyan ma'aikata, su ma babban titi. Daga shida zuwa ƙasa, ƙaramin layi, kuma na sa musu rariya. Ƙwallo ba ta wucewa, kokawa ba ta wucewa, waƙa ba ta wucewa. Saƙo kawai."

Babban Direba ya ɗaga hannu. "Mu muna ina a zanen?"

"Ga ku nan ƙasa."

"Wannan ai kwalbati ne."

"Kwalbati ma hanya ce, in ruwa ne kai."

"Shekara ashirin ina tuƙi a babban titi, yau wanda ko gemu bai gama haɗawa ba ya sauke ni gefe."

Injiniya ya kashe rauta ya kunna, da laftof ɗin Manaja a gefenta. Laftof ta karɓi lamba ɗaya. Ya juya ya rusuna kamar wanda aka tafa wa, alhali ba wanda ya tafa.

Ita Sakatariya irin mutanen nan ce da ba sa iya ganin rubutu su wuce. Takardar cikin kwalin magani, bayan kwalin sabulu, tsohuwar jaridar da aka naɗo kaya da ita, duk karantawa take. Littafin da ya zo cikin kwalin rauta ma ta karance shi sau biyu a ranakun da babu lodi. Da jama'a suka watse ta matso, murya ƙasa ƙasa.

"Malam Injiniya, lambobin nan, ka ɗaure kowace da na'urarta?"

"Malama, lamba ai ba akuya ba ce da za a ɗaure ta."

Ya yi dariyar maganarsa, ita ma ta taya shi kaɗan, don dariyar tasa ta fi maganar kyau.

Abin da bai tambaya ba, ba kuma wanda ya gaya masa, shi ne kullum in an tashi aiki Baba Maigadi na sauke babban makunnin wutar ginin, da safe ya ɗaga. Rauta na riƙe dokokin da aka rubuta mata, amma in wuta ta ɗauke sai ta manta wa ke da wace lamba. Da safe kuwa ba ta san Manaja ba, ba ta san maigadi ba. Wanda ya fara zuwa shi ne na ɗaya.

Talata da safe Sakatariya ta tarar da Baba a ɗakinsa na bakin ƙofa, ya ƙura wa wayarsa ido, baki har kunne.

"'Yar nan, zo ki ga ikon Allah. Da in ɗan kokawa ya ɗaga abokinsa sama, sai in je in buɗe wa mota ƙofa in dawo bai sauke shi ba. Yau kuwa yana ɗagawa sai tim."

Manaja, kamar kullum, sai ƙarfe goma ya iso. Rauta ta ba shi lamba ashirin da uku, ta tura shi kwalbati. Ya buɗe wasiƙa ɗaya, ya sha shayi, ya dawo, tana nan tana juyi.

"Injiniya."

"Yallaɓai, layin yana sabawa da kai ne. Sabon titi ai sai ya kwanta."

Babban Direba kuwa ranar lodi ya sa shi sammako, ya samu lamba uku, ya kalli ƙwallo tun daga busa ta farko har ta ƙarshe ba tangarɗa. Mutum ne mai lura. Kafin la'asar ya gama bin abokansa ɗaya ɗaya yana tambayar ƙarfe nawa kowa ya shigo, kafin a tashi kuma duk filin ya san sirrin, ban da mutum biyu: Manaja da Injiniya.

Laraba Baba bai gama wanke fuska ba ya ji hayaniya. Direbobi tara ne jere a jikin katanga, kowa ya ɗaga waya sama, ana ture-ture.

"Baba, kada ka ɗaga wutar sai na gyara tsayuwa."

"Kai matsa, jiya kai ka samu."

"Inna, ke kuma me kike nema a nan?"

"Wa'azi nake saurara ina shara," in ji Inna, ta sa gwiwar hannu ta shige gaba. "Ku da ƙwallo, ni da lahira, a ga wanda ya fi buƙata."

Mai walda na maƙwabta ya leƙo ta saman katanga ya tambaya ko rabon wani abu ake yi. Aka ce masa intanet. Ya koma ya ɗauko tasa wayar.

Da Manaja ya iso ya ga rajistar zuwa aiki ta cika tun kafin bakwai, sai ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa.

"Shekara shida ina faɗa a kan makara. Me ka yi musu?"

Injiniya bai san abin da ya yi musu ba, amma bai taɓa barin yabo ya faɗi ƙasa ba. "Yana cikin tsarin, Yallaɓai. Kashi na biyu ke nan."

"To kashi na ɗaya fa? Har yanzu wasiƙar jiya ba ta buɗe ba."

"Rauta ce ta gaji."

Ya kashe ta ya kunna, da laftof ɗin Manaja a gefe. Lamba ɗaya ta dawo, wasiƙa ta buɗe fal. Daga fili aka ji direbobi sun yi ihu lokaci guda, ana dab da buga fanareti hoto ya tsaya.

"Kin gani, Malama? Ta san maigidanta."

Sakatariya ta ɗauko littafin, ta buɗe shafin da ya kamata, ta ja layi da fensir, ta ajiye masa a tebur. Da ta dawo daga kai takarda ta tarar ya ɗora kofin shayi a kai.

"Ka duba wurin da na ja wa layi?"

"Wanda ya rubuta littafin nan, da zai gan ni, tambayoyi zai yi mini." Ya ɗaga kofin, ya ga zoben da ya bari a shafin, ya shiga gogewa da hannun riga. "Yi haƙuri. Naki ne?"

"Na rauta ne."

"To ita ba za ta damu ba."

Ana dab da tashi ya kira ta ta ga abin da ya kira babbar doka. Ya rubuta ta a can sama, gaban duk sauran, don rauta daga sama take karanta dokokinta, ta tsaya a ta farko da ta dace. Lamba ɗaya ta wuce. Kowa da komai, a tsaya.

"Gobe titin na Manaja ne shi kaɗai. Ko ƙuda ba zai bi ba."

"Kai kuma ta ina za ka shiga in wani abu ya ɓaci?"

"Ba abin da zai ɓaci."

Ya danna, ya adana, ya rufe laftof. Ta buɗe baki, ta ga yadda fuskarsa ke haske, ta rufe. A hanyar gida ta yi ta shirya maganar da za ta gaya masa da safe, da safen kuma ta same shi yana yi wa mai walda bayanin tauraron ɗan Adam, ba ta samu wurin saka baki ba.

Alhamis direbobi sun yi layi tun da wuri, ba wanda ya samu ko ɗigo. Inna ta yi shara ba wa'azi, tana buga tsintsiya a ƙafar kowane tebur. Saƙon lodi bai fita ba, bai shigo ba. Injiniya na zagaye yana cewa haka aka tsara.

Goma da rabi Manaja ya shigo cikin kwat ɗinsa ta manyan taro, yana ƙamshi. Ya buɗe laftof. Shiru.

"Injiniya."

"Minti ɗaya, Yallaɓai."

Ya buɗe tasa laftof zai shiga rauta. Ta ƙi. Ya sake. Ta ƙi. Ai shi ma ba lamba ɗaya ba ne.

"Ta hana ni shiga," ya ce a hankali.

Babban Direba na jingine a bakin ƙofa. "Wa ya ba ta umarni?"

"Ni."

"To ai ta yi biyayya."

Injiniya ya share gumi. "Kowa ya kashe wayarsa. Kowa. A zuba su a kwalin nan."

Aka tara wayoyi ana gunaguni. Ya kashe rauta ya kunna. Minti huɗu take ɗauka kafin ta farka, duk ofis aka tsaya ana kallon fitilunta kamar ana jiran likita ya fito. Fitila ta koma kore. Laftof ɗin Manaja ba ta motsa ba. Sai firinta da ke kusurwa ta yi tari, ta turo takarda guda. Sakatariya ta ɗauka ta karanta, don ita ba ta iya barin rubutu.

"Firinta ce ta samu lamba ɗaya."

"Ranki ya daɗe," in ji Babban Direba, ya cire hula ya gaida firinta.

Manaja ya dubi agogo. Saura minti tara.

Injiniya ya fizge wayar firinta daga bango, ya cire ta kwamfutar akawu, ya cire har ta fanka. Ya sake kashe rauta, ya hau kujera, ya ɗaga laftof ɗin Manaja sama ya manna ta da ƙahonin, yana raɗa mata, "Ga shi nan, ga maigidanki." Minti huɗu yana tsaye a haka. Fitila ta koma kore.

Daga bakin ƙofar gida sai ga ihun 'yan kallo ya taso, da ƙarar ƙararrawa, da muryar Baba yana cewa, "Kama ƙafar, sakarai, kama ƙafar."

Ba wanda ya tuna da wayar Baba, ita kuwa ta karɓe lamba ɗaya.

Saura minti uku, ba lokacin sake kunnawa. Duk ofis aka kwasa a guje zuwa ɗakin maigadi.

"Baba, kawo wayar nan," in ji Manaja yana haki.

"Ba ta tashi daga nan, Yallaɓai. Batirinta ya mutu tun bara. Sai a jikin caja, cajar ma sai na riƙe ta a karkace, haka."

Haka Manaja ya zauna a bencin maigadi da kwat ɗinsa, bayansa tocila da sanda da wata singileti a rataye a ƙusa. Sakatariya ta durƙusa ta shigar da lambar taron daga takarda. Baba ya matso ya riƙe caja a karkace, kansa ya leƙo ta kafaɗar Manaja. Gilashin wayar a tsage yake, tsagar ta raba fuskar shugaban masu siminti gida biyu.

"Barka da rana," in ji mutumin, yana duba ƙasan hoton, inda sunan da Baba ya sa wa wayarsa ya fito. "Da Zakin Ƙofa muke magana?"

"Ni ne," in ji Baba.

"Manaja ne," in ji Manaja. "Wannan, wannan babban jami'in tsaronmu ne."

Hoton kuwa tas, murya tas, ko sau ɗaya bai tsaya ba. Injiniya ya raɗa wa mai walda, wanda ya riga ya hau katanga tare da wani mai fenti, "Ka ga ingancin layin?" Inna ta taka masa ƙafa.

Ana tsakiyar bayanin yawan motoci sai wayar ta ɗauki ruri, hoton wata dattijuwa ya rufe fuskar mai siminti.

"Uwar yara ce," in ji Baba. "In ban ɗauka ba, za ta zo."

"Baba, don girman Allah."

Aka kashe. Ta sake kira. Aka kashe. Sai wata mota ta danna hon a waje, Baba ya zabura zai miƙe yadda ya saba shekara da shekaru, Manaja ya cafke masa riga da hannu ɗaya yana murmushi wa masu siminti. Injiniya ne ya ruga ya buɗe ƙofar, ya ja ta ta inda ba a ja, ta fita daga kan layinta ta kwanta a jikin katanga. Mai fenti ya sauka ba shiri.

"Wace ƙara ce wannan?" in ji mai siminti.

"Lodi," in ji Manaja.

"Tambaya ta ƙarshe. Direbobinku na fitowa da wuri?"

Kafin Manaja ya buɗe baki Baba ya cusa kai gaba. "Ranka ya daɗe, ni ke buɗe ƙofa. Satin nan kafin in wanke ido suna nan a jere, har faɗa suke a kan wa zai riga."

Masu siminti suka dubi juna. Suka ce za su gwada su da tafiya biyu, kuma a gaida Zakin Ƙofa.

Manaja ya fito daga ɗakin yana kakkaɓe kwat. Filin ya cika: direbobi, Inna da tsintsiyarta, mai walda, mai fenti yana ɗingishi, da wasu masu wucewa da suka ga ƙofa a kwance suka shigo. Injiniya ya gyara jakar wuyansa.

"Yallaɓai, in ka lura, taron bai tsinke ba."

"A bencin maigadi na yi shi."

"Kashi na uku ke—"

"Ɗauki kayanka."

Ba wanda ya yi dariya, har Babban Direba. Injiniya ya tsaya kamar an zare masa waya daga bango. Can ya ce, "To. Amma bari in buɗe wa mutane layinsu kafin in tafi." Ya dubi laftof ɗinsa. "Sai dai ban san ta inda zan shiga ba."

Sakatariya ta wuce ciki, jama'a suka bi ta. Ta jawo kwalin rauta daga ƙarƙashin kabad, ta zaro wata gajeriyar waya da ko ledarta ba a cire ba, ta soka kai ɗaya a wata ƙaramar kafa a bayan rauta, ɗayan a laftof ɗinsa.

"Wannan ƙofar baya ce, dokarka ba ta kai nan ba. Zauna. Goge ta saman. A'a, ta saman. Yanzu ɗaure lamba ɗaya da laftof ɗin Manaja, yadda ko an ɗauke wuta tata ce."

Yatsunsa suka shiga gudu a kan madannai, tana faɗa yana bugawa, bai yi musu ko sau ɗaya ba. Wayoyin da aka kunna a cikin kwali suka fara ƙara bi da bi.

Manaja ya dube ta. "Tun yaushe kika san wannan?"

"Tun Litinin, Yallaɓai."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na faɗa. A hankali."

"To ke za ki riƙe akwatin. Shi ya kama hanya."

Injiniya ya fara naɗe shuɗiyar wayarsa, kansa a ƙasa. Sakatariya ta matso gaba. Ita da ko gaisuwa sai an matso ake jin ta, sai ga muryarta ta fito har fili.

"Yallaɓai, ni karatun na iya. Ban iya hawa silin in ja waya ba, abin da ya buga yanzu cikin minti biyar kuma ni sai in yini. A bar shi. Na yi alkawari zan zauna kusa da shi, ba zai danna komai ba sai na karanta."

"Har zuwa yaushe? Wannan ai ba mai warkewa ba ne."

Injiniya ya ɗago. Karon farko ya kalli fuskarta sosai. Inna ta daina shara.

Sakatariya ba ta sunkuyar da kai ba.

"Na sani," ta ce. "Kullum zan zauna."